Katafila a Bakin Kwazazzabo

A Jihar Montana ta ƙasar Amurka akwai wata hanya mai tsawon mil 50 wadda ta ratsa duwatsun gandun dajin Glacier, ana ce da ita Going-to-the-Sun, watau hanyar zuwa rana. An yi bikin buɗe ta a 1933. Kowace shekara dusar ƙanƙara kan binne ta ƙurmus, har ma kusa da mashigar Logan tarin dusar yakan kai ƙafa 80. Daga farkon watan Afrilu ma'aikata kan shiga tono ta, su yi wajen mako goma suna fama.

Mai karatu zai ce ai katafila ba ta san wuya ba. A sarari haka ne, amma a gangara labari ya sha bamban. Direban da ke kan gaba ba ya ganin kwalta ko kaɗan, a bisa dusar yake tafiya, hanyar tana can ƙarƙashinsa, dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo mai zurfi a ɗayan. Shingen katakon da ke bakin hanya kuwa an riga an cire shi a wurare da yawa tun kafin sanyi, don kada dusa ta karya shi. In ya kuskure da taki biyu, ƙarfin injin ba zai cece shi ba, nauyinsa ma shi zai ja shi ƙasa. Saboda haka daga sama ake sassaƙo tarin, hawa hawa, ana tura shi cikin kwari, sa'an nan injin mai feso dusa ya biyo baya ya share har kwalta.

Babban abin tsoro kuma daga bisa yake zuwa. Da rana ta yi zafi sai dusar kan dutse ta saki, ta zaftaro. A 1953 irin wannan ta kashe ma'aikata biyu. Shi ya sa ake fita da sassafe, a kuma ajiye masu gadi waɗanda ba su da aiki sai zuba wa dutse ido, da rediyo a hannu.

Masu otal da 'yan yawon buɗe ido kan ƙosa a buɗe hanya, kuma ba laifinsu ba ne, cinikinsu na 'yan watanni ne. Amma ba su ne ke zaune cikin katafilar ba. A 2011 da 2022 sai ran 13 ga Yuli aka bar motoci suka hau mashigar Logan.