Garin Neman Gira Kada A Rasa Ido: Haɗa Wa Kare Magunguna

Da damina ta faɗi a ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ciyawa kan yi tsawo, kaska da ƙuma su addabi karnukan mafarauta da na makiyaya. Sau da yawa mai kare kan yi masa allurar Ivermectin da ya rage daga ta shanu, ya wanke shi da ruwan maganin kaska, kana ya ɗura masa na tsutsar ciki, duk a yini guda. A ganina wannan ganganci ne, ko da yake da kyakkyawar niyya ake yin sa.

Dalili na farko shi ne awo. Allurar shanu an tsara ta ne a kan mililita 1 ga kowane kilo 50 na nauyin dabba. Ashe ke nan karen da bai wuce kilo 15 ba, in aka yi masa mililita guda, ya sami fiye da ninki uku na wannan awon.

Na biyu, wani magani kan buɗe wa wani ƙofar ɓarna. A jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa akwai wani furotin mai aikin gadi, wanda ke hana Ivermectin shiga. A 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haɗa maganin ƙuma mai suna Spinosad da Ivermectin mai yawa, domin na farkon yana raunana wannan mai gadi. A 2018 kuma ta sanar cewa wasu sababbin ƙwayoyin kashe kaska na iya jawo wa wasu karnuka karkarwa da farfaɗiya, ko da an bi ƙa'ida.

Alamomin illa ba sa ɓoyuwa: dalalar da miyau, amai, tangaɗi, makanta ta ɗan lokaci, ko suma. Da an ga haka, a garzaya wurin likitan dabbobi tare da kwalaben magungunan.

Wani zai ce likita na da nisa, kaska kuwa na kashe kare. Gaskiya ne, kuma ba cewa nake a daina magani ba. Amma auna kare da tambayar malamin dabbobi sun fi asarar kare sauƙi.

Ɗalibai, ku ne masu karanta takardar jikin kwalba a gidajenku. Ku karanta wa iyayenku awon kafin a ɗauko sirinji.