Mai ciwon baya na buƙatar wanda zai bi shi sau da ƙafa

Kusan kowane gida akwai irinsu: tsohuwar da gwiwa ta hana ta sallah a tsaye, ko ɗan acaɓar da bayansa ke riƙewa kullum da yamma. Sun bi layin asibiti tun asuba, likita ya duba su na ’yan mintoci, ya rubuta magani. Bayan mako biyu ciwon ya dawo. Daga nan sai kemis: yau diclofenac, gobe diclofenac, wasu har tramadol, har ta kai ga olsa ko ciwon ƙoda ko jaraba.

Ciwon da ya haura wata uku yana son lokaci da bibiya, abin da likitan da jama’a suka yi wa yawa ba shi da shi. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa’idojin kula da daɗaɗɗen ciwon baya. Ta ba da shawarar wayar da kan majinyaci, motsa jiki, tausa da taimakon masana halayyar ɗan Adam, ta kuma ce a guji magunguna dangin tramadol. Duk wannan aikin ma’aikatan jinya ne da masu gashin ƙashi.

To amma ina suke? Masu gashin ƙashi sun taru a manyan asibitoci irin Asibitin Ƙashi na Dala. Mutumin ƙauye sai ya ci bashin kuɗin mota kafin ya gan su.

Wasu na tsoron nas za ta iya kuskure babbar cuta, kamar tarin fuka na ƙashin baya. Tsoron na kan hanya, amma maganinsa horo ne: rama, zazzaɓi, mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, duk alamu ne na a tura wa likita nan take. Tun 2014 Najeriya ke da tsarin raba ayyuka tsakanin ma’aikatan lafiya. Me zai hana a faɗaɗa shi zuwa nan?

Ya kamata gwamnatocin jihohi su ware rana guda a mako a ƙananan asibitoci, nas ta jagoranta, mai gashin ƙashi ya riƙa zagayawa, a buɗe wa kowa kati ana bin lafiyarsa. Idan ba a yi haka ba, mai kemis ne zai ci gaba da zama likitansu.