Bindigar Kaka Ba Tsohuwar Zuma Ba Ce



Akwai wata fitowa da ta zama ruwan dare a labaran jarumta: 'yan fashi sun kewaye gari, jarumi ya sauko da tsohuwar bindigar kakansa mai baki biyu, ya hure ƙura, ya ɗura sabon harsashi, ya fita ya tarwatsa su. Wani marubucin har ƙarawa yake da cewa ai ƙarfen da ba irin na yanzu ba ne. Mu dai mun ce wannan ƙarya ce, kuma irin ƙaryar da ke iya raba mai karatu da yatsunsa.

Da tsohuwar zuma ake magani, amma ƙarfe ba zuma ba ne. Da yawa daga bindigogin farauta da aka ƙera a Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam a ƙarni na 19, ba daga sandar ƙarfe guda aka huda bututunsu ba. Siraran ƙarafa iri biyu, mai tauri da mai laushi, ake murɗawa tare, a nannaɗe su a jikin sanda, a yi ta duka a wuta har su haɗe. Shi ke ba da zanen nan mai kama da igiyar ruwa da ake kira aikin Dimashƙa. Kyan ɗan maciji ke nan: duk layin da ya burge ido mahaɗa ce, kuma tsatsa na iya cin mahaɗa ta ciki alhali waje na sheƙi. Dattin baƙin albarushi kuwa yana jan laima, in ba a wanke ba ya rarake cikin bututu.

Sannan albarushin kansa ya canza. Waɗannan bindigogi don baƙin albarushi aka yi su. A 1884 Paul Vieille na Faransa ya samar da albarushi marar hayaƙi, kuma irinsa ne a harsasan yau, waɗanda yawancinsu ke matsa wa bututu fiye da abin da maƙerin farko ya lissafa. Ga kuma wani tarko: mazaunin harsashi a yawancin tsofaffin bindigogin Ingila milimita 65 ne, harsashin da aka fi sayarwa yanzu kuwa 70. Da yake tsawon kwanso bayan ya buɗe ake aunawa, na 70 zai shige mazaunin 65 lafiya lau. Sai an ja kunama bakinsa ya rasa wurin buɗewa sosai, matsi ya ƙaru. Shigar harsashi ba shaidar dacewarsa ba ce.

Za a ce mana ai akwai dabaru: a rataye bututu a ƙwanƙwasa a ji amonsa, ko a ɗaure bindiga a jikin taya a ja kunama da igiya daga nesa. Amo yana nuna ko dalmar da ta riƙe bututun biyu ta saki, ba ya faɗin kaurin ƙarfe. Harbin igiya kuma abin da ya tabbatar kawai shi ne bindigar ta tsira a wannan karon.

Su kansu masu ƙera ta ba su yarda da ido ba. Landan na gwajin bindiga a hukumance tun 1637, majalisar Birtaniya kuma ta kafa gidan gwaji na Birmingham a 1813. Ana ɗura wa bindiga abin da ya fi ƙa'ida, a harba, a duba, sannan a buga mata hatimi, kuma hatimin baƙin albarushi daban, na marar hayaƙi daban. Ba mu ce duk aikin Dimashƙa bom ba ne. Akwai waɗanda aka sake gwadawa suka ci. Amma sai da gwani ya auna kaurinsu da na'ura, ya duba rami da kumburi da lotsawa. Hatimin shekara ɗari baya ba ya shaidar ƙarfen yau.

Mai cewa "ai labari ne kawai" ya tuna su wa ke karanta mu. Cikinsu akwai mafarauta da 'yan sintiri, akwai matasan da ke da harbi-ka-ruga ko wata tsohuwar bindiga a gida. Idan bututu ya fashe, hannun da ke tallafe da shi da fuskar da ke jingine kusa su ne a sahun gaba, ba maƙiyi ba.

Saboda haka wanda zai sa tsohuwar bindiga a labari, ya yi bincike kafin ya ɗora alƙalami. Gaskiyar ma ta fi ƙaryar daɗin labari: mutumin da ya san abin da ke hannunsa na iya fashewa, ga kuma maƙiya a ƙofa, ya fi mai harbi ba fargaba riƙe zuciyar mai karatu. Alƙalami amana ne, kada mu bari ya zama sanadin nakasar wani.

Allah Ya tsare mu, Ya ƙara mana basira.