Tseren Mota Na Kwaikwayo: Kada A Kashe Dala Kan Abin Da Masu Walda Na Abuja Za Su Iya

Daga cikin kayayyakin da matasa masu abin hannu a Babban Birnin Tarayya, Abuja, suka fara sha'awar mallaka a gidajensu akwai na'urar tseren mota na kwaikwayo. Ita dai wannan na'ura ta ƙunshi sitiyari, da birki da totur da kuloci, da kujera irin ta mota, waɗanda ake haɗa su da kwamfuta ko na'urar PlayStation, ta yadda mai tuƙi zai ga hanya a allon talabijin kuma ya ji nauyin mota a hannunsa.

Duk wanda ya ɗauki wannan a matsayin wasan yara kawai, to bai bibiyi yadda al'amarin ya bunƙasa a duniya ba. A shekarar 2011 wani matashi ɗan Birtaniya, Jann Mardenborough, ya lashe gasar GT Academy wadda kamfanonin Nissan da Sony suka shirya wa masu buga wasan Gran Turismo, kuma a 2013 ya zo na uku a rukuninsa a tseren awa 24 na Le Mans a ƙasar Faransa, a cikin mota ta gaske. Haka kuma Max Verstappen, wanda ya zama zakaran tseren Formula 1 sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, ya shahara da shiga gasannin kwaikwayo. Saboda haka harka ce da ake zuba kuɗi a cikinta, ya kuma kamata 'yan kasuwa su dube ta da idon lissafi.

Lissafin kuwa ya sauya ƙwarai tun daga watan Yuni na 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira kasuwa ta yanke mata daraja. Kafin nan farashin gwamnati bai wuce Naira 460 da 'yan kai ga Dala ɗaya ba, amma a cikin 2024 ya haura Naira 1,500. Ke nan sitiyarin da ake sayarwa Dala 300 ya tashi daga kimanin Naira 138,000 zuwa Naira 450,000, tun ba a sa kuɗin dako da na kwastan da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari ba. A irin wannan yanayi, hikima ita ce a raba kayan gida biyu: waɗanda tilas sai an shigo da su, da waɗanda za a iya ƙerawa a nan gida.

Kashi na farko shi ne na kayan lantarki. Sitiyarin Logitech G29, wanda ya fito a 2015, yana juyawa digiri 900 kuma yana zuwa da fedarsa uku, ya isa mai farawa. Wanda ke neman na gaba da shi zai koma ga irin waɗanda aka haɗa sitiyarin kai tsaye da injin lantarki, kamar Fanatec CSL DD na 2021, wanda ƙarfin murɗawarsa ya ninka na G29. Waɗannan ba a ƙera su a Nijeriya, don haka ba makawa sai an biya da kuɗin waje.

Kashi na biyu shi ne firam ɗin ƙarfe da ke riƙe da komai, da kujera, da abin ɗora talabijin. A nan ne ake yin asarar da ba ta da dalili. Firam shi ne mafi nauyi a cikin kayan, kuma masu dakon jirgin sama da kilo suke caji, alhali kuwa ba komai ba ne illa ƙarfe da noti. Ana samun bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei. Ana samun kujerar mota ta hannu, har da layin da take zamewa gaba da baya a kansa, a kasuwar kayan gyaran motoci ta Apo. Masu ɗinkin kushin na Kugbo za su sabunta ta. Mai waldar da ya iya ƙera ƙofar gida da tagar ƙarfe ba zai kasa wannan aiki ba, muddin an ba shi awo.

Masu sukar wannan ra'ayi suna cewa aikin gida ba ya da tsari, firam kan yi lilo idan aka taka birki da ƙarfi, ramukan noti kuma ba sa dacewa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, domin birki na zamani ƙarfin takawa yake aunawa, kuma idan ƙarfen da ke ƙarƙashinsa yana lanƙwasa, to kuɗin da aka kashe a kansa ya tafi a banza. Sai dai matsalar ta awo ce da kaurin ƙarfe, kuma tana da magani. Kamfanoni irin su Fanatec suna wallafa taswirar ramukan notin kayansu kyauta. Ɗan kasuwar da ya ɗauki mai walda guda, ya tsayar da samfuri ɗaya mai inganci, ya riƙa maimaita shi, zai iya sayarwa a ƙasa da farashin na waje kuma ya ci riba.

Wani abin da ake yawan mantawa da shi a kasafi shi ne wutar lantarki. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A daga Naira 68 zuwa Naira 225 kan kowane yunit. Duk da haka ba nan gizo ke saƙar ba, domin PlayStation 5 da talabijin da sitiyari ba sa cin fiye da rabin yunit a awa guda. Haɗarin yana cikin ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi, abin da ke iya ƙona na'urar dubban ɗaruruwan Naira cikin ƙiftawar ido. Stabilaiza da ƙaramar inbata sun fi allon talabijin na biyu muhimmanci, musamman da yake mayar da kayan da suka lalace ƙasar waje don a gyara abu ne mai tsada da ɗaukar lokaci. Ko manyan kamfanonin ma ba su da tabbas: a 2024 kamfanin Endor na Jamus, mai Fanatec, ya durƙushe, har kamfanin Corsair na Amurka ya sayi Fanatec.

Gaskiya ne kasuwar cikin gidaje ƙarama ce, domin ba kowane magidanci ne zai iya ware irin wannan kuɗi don nishaɗi ba. Amma akwai shagunan buga wasannin bidiyo a unguwannin Abuja da ke karɓar kuɗi gwargwadon lokaci, akwai otal-otal da wuraren shaƙatawa, kuma kujera guda da mutane da yawa za su hau a rana ta fi saurin mayar da jari. Bugu da ƙari, matashin da ya ƙure gudu a gaban allo ya fi wanda ya yi wasan mota a kan titi aminci, ga kansa da kuma sauran jama'a.

Shawara ga mai niyyar shiga wannan harka ita ce ya fara da sitiyari matsakaici, ya tanadi kariyar wuta, ya kuma bar aikin ƙarfe da kujera ga masu sana'ar hannu na Dei-Dei da Apo da Kugbo. Ta haka Dalar da za ta fita ba za ta wuce ta abin da ya zama dole ba, sauran kuɗin kuma su ci gaba da zagayawa a Abuja.