Ofis Ya Shigo Ɗaki, Ina Lokacin Tashi?

'Yan mata 'yan makaranta, ku ma ku matso, domin zancen ma'aikatan da ke yi wa ofis aiki daga gida zai same ku nan gaba.

Aiki a cikin gida ba baƙonmu ba ne. Mai ɗinkin hula da mai ƙuli-ƙuli sun san ciwon baya tun ba a san kwamfuta ba. Amma su, in sun gaji sai su ajiye. Ma'aikaciya kuwa shugaba gare ta, ga shi waya ta kawo shi har tsakar gida. Abin ya yaɗu ne a 2020, da cutar korona ta sa aka rufe ofisoshi.

An huta da kuɗin mota, gaskiya ne. To, amma a ofis akwai lokacin tashi, a gida fa? Kina bisa tabarma kin duƙa wa kwamfuta, tukunya na kan wuta, goyo na kuka, baƙi sun yi sallama, su a ganinsu ai zaune kike. Abin da bai ƙare da rana ba, sai bayan isha'i. Ga kaɗaici, ba abokiyar aikin da za ku taɓa hira.

Kada ki ɗauki wannan wasa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 a 2016, ta hanyar shanyewar jiki da ciwon zuciya. Kuma aikin ofis kaɗai ya isa ya kai mace nan, balle an haɗa da daka da wanki.

A ganina nauyin yana wuyan mai ba da aiki tukuna. Tun 2017 dokar Faransa ta ba ma'aikaci ikon ƙyale saƙon ofis bayan an tashi. A 2021 Fotugal ta hana shugabanni neman ma'aikaci a lokacin hutunsa, sai bisa larura.

Kafin irin wannan ta iso gare mu, ki nemi shugabanki ya yanke miki awoyin aiki a rubuce. Ki sami tebur da kujera mai majingina, ki riƙa miƙewa kina ɗan zagayawa. In barci ya ƙaurace miki, ko kuka na zuwa ba dalili, ki je asibiti. Maigida kuma a gaya masa cikin ladabi, daga ƙarfe 8 zuwa 4 matarsa tana ofis, ko da yana jin motsinta a ɗaka.