A JI KUKAN MAI GONA KAFIN A KIRA SHI ƊAN TAWAYE

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura da damina, ya ratsa ƙasar Ɗambatta, ya san abin da a ke nufi in an ce ƙasa ta cika. Gona na manne da gona, gero da dawa da gyaɗa da wake, babu saura balle daji, sai layin gamba da ya raba ta wane da ta wane. Kowace kuka da kowace ɗorawa da mai ita. Mafi yawan gonakin nan ba su da takarda, shaidarsu ita ce mai unguwa da dagaci da dattawan da suka ga rabon gado. To, in aka wayi gari an karɓe irin wannan fili, masu shi kuwa suka koma ciki suka zauna, suka ce ba su tashi sai an biya su, me za a kira su? Masu neman hakki, ko 'yan tawaye?

An sha yin wannan gardama a duniya, kullum kuwa a kan sami mai tashi ya ce doka ita ce doka, a kore su. Bari mu kawo labarin ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane, don a ji hujjarsa daga tushe.

A ƙasar Kanada akwai mutanen da a ke kira Ƙabilu Shida, watau suna cikin 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar. Cikin 1784 Gwamna Haldimand ya ba su ƙasa mil 6 a kowane gefe na kogin Grand, sakamakon taimakon da suka yi wa Ingila a yaƙinta da Amurka. Yau da gobe ƙasar ta yi ta zaizayewa, har abin da ya rage a hannunsu bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Gwamnati ta ce kakanninsu ne suka sallama, su kuwa suka ce ba haka aka yi ba. Suka kai ƙara kotu cikin 1995, shari'a ta yi ta jan ƙafa. Ran 28 ga Fabrairu 2006 waɗansunsu suka shiga wani fili mai wajen eka 100 a garin Kaledoniya, inda wani kamfani ke gina gidaje, suka kafa sansani. 'Yan sanda suka kai musu sumame cikin Afrilu, abin ya ƙara dagulewa, aka tare hanyoyi. Daga baya Gwamnatin Ontariyo ta saye filin daga hannun kamfanin.

Sa'an nan ne wani mai ra'ayin riƙau, Gary McHale, wanda ba ma ɗan garin ba ne, ya ɗauki abin a kansa. Ya shirya jerin gwano cikin Oktoba 2006, ya yi ta komawa da magoya bayansa, har aka kama shi ba sau ɗaya ba. Maganarsa ɗaya ce: doka ta zama iri biyu, 'yan sanda suna kallon 'yan asali na tare hanya ba su taɓa su, amma in wani ya yi haka sai gidan kaso.

Ba za mu ce maganar nan ba ta da ƙamshin gaskiya ba. Mutanen Kaledoniya sun wahala ƙwarai, ciniki ya tsaya, an ji wa waɗansu rauni, har cikin 2011 Gwamnatin Ontariyo ta yarda ta biya su dala miliyan 20. Ƙasar da kowa zai tare hanya don yana da ƙorafi ba ta zaunuwa. Amma fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuskuren McHale shi ne ya fara lissafin karya doka daga ranar da aka kafa sansani, ya tsallake shekara ɗari biyu da 'yan kai. Alkawarin 1784 shi ma doka ne. Wanda ya ce doka ɗaya ce ga kowa, wajibi ne ya nemi a zartar da wadda ta tsare mai fili, kamar yadda ya ke neman a zartar da wadda ta tsare mai hanya.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin nesa ne. Mu nan Arewa mun ga inda shawarar "a kore su kawai" ta ke kai mutane. Tsakanin 1974 da 1978 aka gina madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, a Jihar Sakkwato ta lokacin, yanzu kuwa cikin Zamfara. Ruwa ya cinye garuruwa da fadamu a ƙasar Maradun, aka ta da dubban mutane. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin noman rani kuwa, aka hana su shuka ana baje ƙasa, aka sare itatuwansu. Manoma suka yi ta kukan an tauye su wajen ƙidayar gonaki da itatuwa, diyya kuma tana tafiyar hawainiya. Da haƙuri ya ƙare, suka tare hanyoyin wurin aikin, suka tsai da shi. A ƙarshen Afrilu 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa da Shugaba Shehu Shagari, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma. Hukuma ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Mutanen wurin da masu bincike suka ce sun haura 300.

An buɗe hanya, doka ta yi aikinta in ji masu wannan ra'ayi. Amma wa ya ci riba? Har yau in an ambaci Bakolori, jinin nan a ke fara tunawa kafin shinkafa. A Kanada ba a yi irin wannan ɓarin jini ba, amma da ya ke ba a warware asalin maganar ba, cikin 2020 aka sake mamaye wani fili a Kaledoniya ɗin dai. Ashe ƙarfi ba ya kashe rigimar ƙasa, kau da kai ma ba ya kashe ta. Ruwa ba ya tsami banza.

Ya kamata a san yadda dokarmu ta ke. Tun 1910 Turawa suka sa ƙasar Arewa duka ƙarƙashin ikon Gwamna, Dokar Ƙasa ta 1962 ta bi wannan sawu, sa'an nan dokar 1978 ta game Nijeriya baki ɗaya, ta danƙa ƙasar kowace jiha ga Gwamnanta bisa amana. In an karɓi gona don amfanin jama'a, abin da ke kanta a ke biya, kamar gini da shuka da itatuwa, ba ita ƙasar ba. Saboda haka duk arzikin manomi a ran nan yana bakin alƙalamin malamin da ya zo ƙidaya. In ya rubuta ɗorawa uku inda akwai bakwai, ko ya sa sunan wanda bai taɓa riƙe fartanya a wurin ba, to, shi ya fara kafa shingen da za a tare hanya da shi.

Mutanen Ɗambatta ba baƙin manyan ayyuka ba ne, ga madatsar Tomas nan kusa da su tun shekarun 1970, kuma muddin jama'a na ƙaruwa ba za a daina neman filin hanya da makaranta da asibiti ba. Don haka mu ke roƙon malaman ofis su auna gona a gaban mai ita da maƙwabtansa da dagaci, a karanta masa abin da aka rubuta da Hausa, a ba shi kwafi. A biya kafin katafila ta shiga, ba bayan ta wuce ba. Hakimai da dagatai su kai kukan talakawansu sama tun yana ƙarami, ba a fafe gora ranar tafiya. Malaman makaranta kuwa su koya wa yara cewa takardar gona ba ta rage darajar shaidar dattawa, ƙarfafa ta ta ke yi.

Ga manoma kuma, muna cewa tare hanya wuta ce, ba ta zaɓen ɗakin da za ta ci, a bi ta kotu da wakilai tukuna. Amma in har mutum ya kai ga kwana a kan gonarsa don kada a raba shi da ita, kafin a tambayi wace doka ya karya, a tambayi wace doka aka karya masa.

Allah ya ba shugabanninmu kunnen ji, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.