Furanni A Alausa, Taɓo A Agege

A watan Janairun 2009 gwamnatin Fashola ta kori 'yan kasuwa daga bakin titin Oshodi, aka duƙufa dashen itatuwa da furanni a Ikko. A 2017 kuma Gwamna Ambode ya buɗe lambun shaƙatawa a Alausa, gab da ofisoshin gwamnati. Ba mai ƙin inuwa. Amma inuwar wa?

Mai mota ba ruwansa da hanyar ƙafa. Masu bukatarta su ne ɗan dako a Mile 12 da mai ga-ruwa a Agege, waɗanda ke yini cikin rana, in damina ta sauka kuma su yi ta kutsawa cikin taɓo. Da masu tsara birni da gaske suke, da sun fara yashe magudanun ruwan unguwannin nan, su shimfiɗa hanyar ƙafa a gefensu, sa'an nan a jera itatuwa. To, amma baƙin Gwamna ba sa bi ta Agege.

Abin takaici, har da sunan Jakande aka liƙa wa lambun Alausa, mutumin da daga 1979 zuwa 1983 gidajen talakawa da makarantu ya sa a gaba.